Yadda Ake Gano Abin Da Ya Hana Tsohuwar A-kori-kura Tashi

Duk wanda ke zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, ya san tsofaffin Fijo a-kori-kura ba su ajiye aiki ba. Tun 1975 da kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna, 404 da 504 suka zama motocin ƙauye, har gobe su ne ke kwasar riɗi da gero da awaki a hanyoyin da sabuwar mota ke jin tsoro. Babu kwamfuta a jikinsu. Batir ne da kik, da koyil da distiributa, da filogi huɗu. Wanda ya fahimci yadda wuta ke bi ta cikin waɗannan biyar zai iya tayar da motarsa a gindin bishiya ba tare da ya aika a ɗauko ɗan riwaya daga gari ba.

Abin da nake gani kullum shi ne, mota na ƙin tashi sai a fara saye. A sayi filogi, a sayi koyil, a ciro kik a kai gyara, daga ƙarshe a gano kan batir ne ya yi sako-sako. Tsarin da zan ba ka ya saɓa wa haka: ka fara da sauraro, ka gwada abin da ba ya cin kuɗi, kada ka kwance komai sai gwaji ya nuna shi ne mai laifi.

Kayan aiki

Sifana mai lamba 10 da 13 da 17, sukurdireba mai faɗin baki da mai gicciye, filaya, sanfefa mai laushi, da tsumma busasshe. Sai sifanar filogi doguwa, domin filogin waɗannan injina a cikin rami mai zurfi suke, gajeriya ba ta kai musu. Sai waya mai kauri guda biyu ta jona batir, da siririyar waya kamar kamu biyu.

Mita mai auna wuta tana da amfani ƙwarai, kuma ana samunta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da wajen masu gyaran sola. In babu, ka haɗa ƙwan gwaji da kanka: ƙwan sigina na volt 12, ka ɗaura masa waya biyu, ɗaya a gindinsa ɗaya a jikinsa. Rabin gwajin da ke ƙasa da shi ake yi. Ma'aunin tazara ma in babu, kwalin ashana ya yi kusa da tazarar kontak (ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa), kaurin zarton yankan ƙarfe kuma ya yi kusa da ta filogi. Ka nemi mutum ɗaya da zai riƙa murɗa maka makulli.

Kafin ka buɗe bonet, ka sa giya a furi, ka ja burkin hannu, ka sa weji a taya. Burkin hannun yawancin motocin nan suna ne kawai, wejin ne abin dogaro. Ka cire zoben azurfa da agogon ƙarfe, ka naɗe hannun riga, rawani kuma a ajiye shi a kujera saboda fanka. Ban da sigari kusa da batir, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

1. Saurari abin da motar ke cewa

Murɗa makulli zuwa matakin farko ka dubi jajayen fitilun dashbod, ta mai da ta caji. Sannan ka murɗa zuwa kik. Ɗaya daga cikin waɗannan za ka ji:

Shiru ɗungurungum. Ko ƙas guda ɗaya mai ƙarfi sai shiru. Ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri. Ko injin ya juya a hankali da nishi. Ko kik ya yi gudu fiii shi kaɗai injin bai motsa ba. Ko kuma injin na juyawa lafiya lau amma bai kama ba.

Biyar na farko matsalar juya inji ce, ka bi mataki na 2 zuwa na 4. Na ƙarshe kuwa batir da kik sun yi aikinsu, ka tsallake zuwa na 5. Wannan rarrabewar ita ce rabin gyaran. Mutum ya ciro kik alhali injin na juyawa, wahalar banza ya yi.

Kada ka danne kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda. Ka ba shi hutu na rabin minti ko minti guda. Mai dagewa har batir ya mutu ya ƙara wa kansa matsala ta biyu a kan ta farko.

2. Batir da kawunansa

Kunna manyan fitilu, ka sa a murɗa kik kana kallonsu. In sun dushe sosai ko sun mutu, ko dai batir ba shi da ƙarfi ko wutar ba ta wucewa ta kawunansa. In ko gezau ba su yi ba kuma kik shiru, wutar ba ta isa ga kik ɗin ba tun asali, laifin na makulli ne ko siririyar wayar kik.

Da mita: batir da ya huta, cikakke yana nuna kamar volt 12.6. In 12.2 ne ya kai rabi. Ƙasa da 12 ya yi sanyi. Amma wannan awon shi kaɗai yana yaudara, batir mai mutuwa zai iya nuna 12.5 a zaune. Ka bar mitar a jiki a murɗa kik. In ya faɗi ƙasa da volt 9.6, ba zai ɗauki nauyi ba.

Yanzu kama kowane kai da hannu ka murɗa. In ya motsa, ka samo abin da kake nema. Ka fara kwance na mai alamar −, ka mayar da shi a ƙarshe. Dalili kuwa, in ka fara da mai + sifana ta taɓa bodi, wuta za ta tashi a hannunka. Farin garin da ke taruwa a kai, ka wanke shi da ruwan zafi da aka jiƙa ɗan kanwa a ciki, amma kada digo ɗaya ya shiga cikin ramukan batir, yana kashe ruwansa. Ka goge sandar batir da cikin kan da sanfefa har su yi ƙyalli, ka ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan giris a waje. Dabarar nan ta cusa ƙusa ko guntun gwangwani a kan da ya buɗe, ta kai ka gida ce kawai. Sabon kai ba shi da tsada.

Buɗe murafen ka duba ruwa. Ya kamata ya rufe farantan ciki. Zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, shi ke ƙafar da ruwan batir a yankinmu, sai sanyin hunturu ya zo da asuba ya tona asirin. Ruwan batir tatacce ake ƙarawa. Ba ruwan rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma ƙarin asid ba.

Akwai wayar da kusan kowa ke mantawa da ita: wadda ta taso daga mai − zuwa bodi, da wadda ta haɗa bodi da inji. Duk wutar da kik ya ja ta nan take komawa. A motar da ta shekara 30 ko 40 tana ratsa taɓo, tsatsa ta cinye wurin ɗaurin. Gwajinta da sauƙi: ɗauki wayar jona batir, ka maƙala kai ɗaya a mai − na batir, ɗayan a wani noti mai tsabta a jikin injin, a murɗa kik. In motar ta juya da ƙarfi, wayar bodi ce. Wata alamar kuma, bayan an yi kik ka shafa wayoyin da hannu, duk mahaɗar da ta yi zafi nan wutar ke maƙalewa. Wani lokaci za ka tarar wayar cok ko ta totur ce ta yi zafi, saboda wutar ta rasa hanya ta bi ta cikinta.

In batir ne ya yi sanyi, a jona da wani: + da +, sannan − na mai ƙarfin a jikin injin motarka, nesa da batir. Batirin tarakta ko na sola mai volt 12 zai yi. A kula da manyan motoci masu batir biyu a jere, volt 24 ne, daga guda ɗaya kaɗai ake ɗiba. In babu ko ɗaya sai turi: makulli a kunne, giya ta biyu, a taka kuloci, in ta ɗau gudu a saki. Da ta tashi ka auna batirin injin na aiki. In bai kai tsakanin volt 13.8 da 14.5 ba, babu caji, ka duba fambel ko ya saki kafin ka zargi altaneta. In ba ka yi haka ba, gobe da safe turin ne dai.

3. Makulli da siririyar wayar kik

A saman kik akwai ɗan ƙaramin gwangwani, shi ne solinoyid. Babbar waya daga batir tana ɗaure a jikinsa da noti, sai wata siririya mai soke da ta taho daga makulli. Aikinsa biyu ne: ya tura haƙoran kik cikin na filawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, ya kuma haɗa babbar wuta.

Zare siririyar wayar, ka sa ƙwan gwaji tsakaninta da bodi, a murɗa kik. In ƙwan bai kama ba, makulli ne ko wayar ta tsinke a hanya. Motar da ke kwana da hatsi a baya ba ta rabuwa da ɓeraye, su kuwa roban waya suke ci, don haka ka bi wayar da ido da hannu har ƙarƙashin sitiyari. In ƙwan ya kama, ka matse bakin soken da filaya ka goge shi, ka mayar. Sau da yawa iyakar gyaran ke nan.

Don ka tabbatar, ka sake duba cewa giya na furi, sannan ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa babban notin da ƙaramin soken na ɗan lokaci. In kik ya juya, shi lafiyarsa ƙalau. Da yawa da sukurdireba suke yi, ni ban so, domin in ya goce ya taɓa bodi yana narkar da baki ya lalata zaren notin. Ka tsaya a gefen motar, ba a gabanta ba.

Makullan da suka tsufa sukan ba da wuta amma ba ta da ƙarfin jan solinoyid, musamman in injin ya yi zafi. Maganin da ke ɗorewa shi ne ɗan riwaya ya sa rile a tsakani, makulli ya riƙa kunna rile, rile ya ɗebo wuta kai tsaye daga batir. Ya fi maɓallin da ake rataya wa a dashbod da waya tsirara.

4. Kik ɗin kansa

Batir lafiya, wayoyi lafiya, an haɗa kai tsaye, amma ƙas ɗaya kawai ake ji. Ka sa a riƙe makulli a kik, ka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar guduma. In ya tashi, buroshinsa sun cinye ko sun maƙale. Bugun ba gyara ba ne, sanarwa ce. Kuma in an taɓa sauya wa motar kik na zamani ɗan ƙarami, kada a doke shi da ƙarfi, maganaɗisun da ke ciki yana fashewa.

In kik na gudu shi kaɗai, bendis ne, wato haƙoran da ke bakin kik, ya daina kamawa ko haƙoran filawil sun zube a wuri guda. Sa giya ta huɗu, ka cire weji, ku ɗan girgiza motar gaba da baya don filawil ya sauya wuri, ka mayar furi ka sake gwadawa. In injin na juyawa da nishi duk da batir mai kyau, yawanci bushin ne suka cinye, amecha, wato sashen da ke juyawa a ciki, tana gogar jikin kik.

A nan ne za ka ciro shi. Cire kan batir mai − tukuna, babbar wayar kik ba ta bi ta fiyus ba, kullum da wuta a jikinta. A ƙasa, ka taka shi da ƙafa, ka maƙala − a jikinsa, + a babban noti, ka haɗa notin da ƙaramin soke na ɗan lokaci. Bendis ya yi tsalle gaba ya juya da ƙarfi. Sai dai kik mai cinyayyen bushin yakan yi gudu a ƙasa ya gaza a jikin mota, don haka ka girgiza sandarsa ka ji ko tana wasa. Buroshi da bushin da bendis duk ana sauya su ɗai-ɗai. Tsohon kik na asali, Ducellier ko Paris-Rhône, in an gyara shi, a ganina ya fi yawancin sababbin da ke zuwa a kwali mai sheƙi.

Gargaɗi ɗaya na damina: in motar ta mutu a cikin ruwa wajen tsallake rafi, ko kik ya yi ƙas injin ya cije, kada ka dage, kada kuma a tura. Ruwa na iya kasancewa a kan fistin. Ciro filogi huɗun, a juya injin ya feso ruwan tukuna.

5. Injin na juyawa: akwai wuta?

Zare babbar wayar da ke tsakiyar murfin distiributa, wadda ta taho daga koyil. Riƙe ta da busasshen tsumma ko filaya mai roba, bakinta kamar milimita 6 zuwa 8 daga jikin injin, nesa da kafireta. A yi kik. Kana neman tartsatsi shuɗi mai ƙara, ɗas-ɗas. Ja ko ruwan ɗorawa mai rauni, ko babu sam, ka je mataki na 6. In wutar tana da kyau a nan, to tsakanin murfi da filogi take ɓacewa, ka je na 7.

6. Koyil, kontak da kwandensa

Ga yadda abin yake a taƙaice. Wutar batir tana shiga koyil, ta fita zuwa kontak, ta sauka a bodi. A daidai lokacin da kontak ya buɗe, wutar ta yanke, koyil ya harba babbar wuta ta dubban volt. Ke nan in kontak bai rufe sosai ba, ko bai buɗe ba, babu tartsatsi ko da koyil sabo ne dal.

Koyil na da ƙananan noti biyu, ɗaya mai + ɗaya mai −. A na Faransa za ka ga an rubuta BAT da RUP. Kunna makulli, ka sa ƙwan gwaji tsakanin + da bodi. In bai kama ba, wuta ba ta zuwa daga makulli. Ja siririyar waya daga + na batir zuwa + na koyil, a yi kik. In ta tashi ka san inda laifin yake. Ka tuna makulli ba zai kashe ta ba sai ka zare wayar.

In akwai wuta a +, mayar da ƙwan kan − a yi kik. Ya kamata ya riƙa ƙyaftawa. In ya kama ya zauna, kontak ba ya rufewa, ko bakinsa ya yi datti, ko wayarsa ta tsinke. In bai kama ba sam, kontak ba ya buɗewa, ko wayarsa na taɓa bodi, ko kwandensa, ɗan gwangwanin da ke jikin distiributa, ta haɗe, ko koyil ya yanke a ciki. Wannan ƙwan na kuɗi kaɗan ya raba maka gardamar da ake kwana ana yi a gareji.

Ɓalle murfin distiributa, ka zare rota, abin da ke juyawa a tsakiya. Juya injin a hankali, da sifana ko ta sa giya ta huɗu a ɗan tura, har diddigen kontak ya hau kan tudun sandar tsakiya. A nan tazarar bakinsa ta zama milimita 0.4. Ƙurarmu tana cin wannan diddigen, tazarar ta yi ta raguwa har ta rufe, shi ya sa mota ke fara wahalar tashi makonni kafin ta ƙi gaba ɗaya. Sassauta sukurun, ka daidaita, ka ɗaure, ka sake aunawa domin ɗaurin kan motsa shi. Goge bakin da sanfefa mai laushi, sannan ka ja farar takarda a tsakani har ta fito fes. Ɗan yashi ƙwaya ɗaya ya isa ya hana wuta wucewa. Giris kaɗan a tudun, kamar kan ashana, ban da bakin kontak.

In bakin ya ƙone ya yi rami, kuma kana buɗe shi da sukurdireba kana ganin babban tartsatsi a wurin, kwandensa ce. Ita ce kuma ke sa mota ta tashi da safe lafiya, in ta yi zafi ta fara tari ta mutu, ta huce ta sake tashi. Koyil mai mutuwa ma haka yake yi, amma kwandensa ta fi arha, da ita za ka fara. Tsohuwar da ka cire tana aiki kada ka yar, sababbin na yanzu ba duka ke da amana ba. Kada kuma a bar makulli a kunne injin a kashe ana jin rediyo, yana dafa koyil ya ƙona kontak.

In an sauya wa motarka distiributa marar kontak, gwajin ƙwan a + yana nan daram, sauran kuwa aikin ɗan riwaya ne.

7. Murfi, rota, wayoyi da filogi

Duba cikin murfin a haske. A tsakiyarsa akwai ɗan gawayi mai sifirin, ya kasance yana nan yana kuma motsi. Nemi tsaga ko siririn baƙin layi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, raɓar damina ma ta tsagar nan take shiga ta sace wutar. In laima ce kawai, goge shi ka shanya a rana. Rota kuma ka goge bakinta. Don gwada ta, riƙe wayar koyil kusa da tagullar da ke samanta a yi kik. In tartsatsi mai ƙarfi ya yi tsalle ya shige ta, ta huje, wutar na zurarewa ƙasa.

Ciro filogi ɗai-ɗai, ka mayar da wayar kowanne kafin ka taɓa na gaba. Ramukansu kan tara baƙin mai, ka tsane shi da tsumma. Tazarar baki milimita 0.6. Filogi jiƙe da fetur yana nufin mai ya yi yawa: busar da su, mayar da cok, taka totur har ƙasa ka riƙe, a yi kik. Busasshe ƙayau bayan dogon kik yana nufin mai ba ya zuwa. Cire murfin kafireta ka leƙa, ka ja totur da hannu, ya kamata ka ga fetur ya tsarto. In babu, ka bi tiyo da matatar mai da famfo. In a galan ka sayi man a bakin hanya, tsiyayo kaɗan a kwalba mai haske, ruwa in akwai zai kwanta a ƙasa. Kada ka leƙa kafireta ana kik, takan yi aman wuta.

8. Ga wuta, ga mai, ba ta tashi ba

Saura jeri da tayimin. Jerin tashin filogi 1-3-4-2 ne, kuma a waɗannan injinan Fijo lamba 1 ita ce ta baya, wajen filawil, ba ta kusa da lagireto ba. Wanda ya saba da motocin Japan nan yake ruɗewa. In mota na harbi ta salansa ko ta kafireta bayan wani ya taɓa wayoyin, kusan kullum jerin aka rikita.

Ciro filogi na 1, toshe ramin da guntun tsumma, a juya injin a hankali har iska ta turo shi. Ci gaba kaɗan har alamar tayimin ta daidaita. Inda rota ta nuna a lokacin, nan wayar lamba 1 za ta zauna. Lura da ɓangaren da rotar ke juyawa, ka jera 3, 4, 2 a bin sa. Sannan ka sa ƙwan gwaji a − na koyil, makulli a kunne, ka sassauta notin gindin distiributa. Juya shi ta ɓangaren da rota ke bi har ƙwan ya mutu, ka dawo da shi a hankali, inda ƙwan ya fara kamawa ka tsaya ka ɗaure. Kullum a gama daidaita tazarar kontak kafin tayimin, domin sauya tazarar na motsa shi. In bayan haka kik na cijewa injin na turo shi baya, tayimin ya yi gaba, ka ɗan mayar.

In duk wannan ya daidaita, amma injin na juyawa sakayau da sauri fiye da yadda ka saba ji, kuma iska ba ta turo tsumman da ƙarfi a ramuka biyu ko fiye, matsalar ta bar hannun wuta. Bawul ne ko gasket ko sarƙar tayimin. Rufe bonet, ka cire kan batir mai −, a nemo igiya a ja ta zuwa wajen makaniki.